Kasuwar Lahadi da Hutun Kirista

A ƙasar Hausa duka, daga Damagaram har zuwa Tawa, ba a gama gaisuwar safe sai an tambayi mutum gajiya. Amsar kuwa guda ce tun kaka da kakanni: babu gajiya. Ko ɗan dakon da ya kwana yana loda buhunan albasa a tashar Galmi, ko ma'aikacin buro da ya kwana yana lissafin yadda albashi zai kai ƙarshen wata, haka za su amsa, domin tarbiyya ba ta yarda magidanci ya buɗe baki ya ce ya gaji ba. Amma duk wanda ya zauna sa'a guda a ƙofar likita a Maraɗi ko a Yamai, ya ga yawan masu shekara arba'in da hamsin da ake auna wa hawan jini, wanda jama'a suka fi sani da tansiyo, ya san wannan amsa ladabi ce kawai. Gajiya tana nan, ta kuma wuce gaɓoɓi ta kai ga zuciya.

Inda gajiyar ta samo asali

Abin ba yau ya fara ba. Waɗanda suka manyanta suna tune da watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar kuɗin sefa, aka wayi gari faran guda na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa sefa 100, wato daga dala goma zuwa dala ashirin. Magani, littafin lakkwal, kayan gyaran mota, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada a dare ɗaya. A cikin waɗannan shekaru ne kuma ma'aikata suka yi ta bin gwamnati bashin albashi na watanni, har mushen lakkwal da malamin asibiti suka koyi cewa aiki ɗaya ba ya riƙe gida. Wani ya kama kiwon kaji, wani ya nemi gona a bayan gari, wani ya sayi babur ya ba yaro kabu-kabu. An biya bashin ko an yafe shi, amma ɗabi'ar ta zauna: a tashi daga buro a faɗa wani aikin.

Ƴan kasuwa su ma sun sha nasu. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 takunkumin CEDEAO ya sake datse hanyoyin Katsina, Kano da Kwatano, kayan da suka saba zuwa cikin kwanaki suka koma zagaye ta Lome da Burkina, kuɗin mota ya ninka, mai kaya yana gida hankalinsa yana bisa hanya. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, amma wanda ya taɓa ganin jarinsa ya yi wata da watanni a cikin kamyo bai ƙara yin barci mai nauyi ba.

Sai kuma salula, wadda ta shigo ƙasar a 2001. Amfaninta ba ya ɓoyuwa. Jenny Aker, wata masaniyar tattalin arziki ƴar Amurka, ta bincika kasuwannin hatsi na Nijar tsakanin 2001 da 2006, ta gano cewa zuwan salula ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Sai dai a da, in aka tashi kasuwa da magariba, kasuwa ta tashi ke nan. Yau tana bin mai ita har bisa tabarmar cin tuwo, har cikin ɗakin kwana. Canjin naira yana motsi da tsakar dare, direba yana kira daga iyaka, mai gidan buro yana aiko saƙo ta WhatsApp ranar da ba ta aiki ba.

Likitoci sun auna abin da wannan ke jawowa. A watan Mayu 2021 hukumar lafiya ta duniya, OMS, tare da ƙungiyar ƙwadago ta duniya, OIT, sun ba da sanarwar cewa a shekarar 2016 kaɗai mutum 745.000 suka mutu da shanyewar ɓarin jiki ko ciwon zuciya saboda yawan sa'o'in aiki. Wanda ke aikin sa'o'i 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar jiki a kansa ya fi na mai aikin sa'o'i 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin ɗari. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta tsaida aikin mako a sa'o'i 40, ta kuma wajabta hutun sa'o'i 24 a jere kowane mako. To amma dokar ba ta shiga rumfar mai butiki, ba ta kuma hana kowa tunani.

Abin da Littafinsu ya koyar

A cikin wannan guguwa akwai wata ƴar ƙaramar al'umma da ke da tsohuwar koyarwa a kan hutu, wadda ya kamata maƙwabtanta su san da ita, ko da ba su bi addininta ba. Kiristocin Nijar ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na jama'a ba bisa ƙidayar 2012, amma ba baƙi ba ne. Ƴan mishan na SIM sun sauka a Damagaram a 1924, daga baya suka kafa a Tsibiri kusa da Maraɗi, suka buɗe asibitin Galmi a 1950 da na kutare a Danja a 1956. Katolika sun zauna a Yamai tun 1931, Maraɗi kuma ta samu nata bishop a 2001. Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa tun 1932. Akwai ƴan Gobir, Katsinawa da Arawa da aka haifa cikin wannan addini, kakanninsu ma a cikinsa suka rasu, kuma kasuwa ɗaya suke ci da kowa, buro ɗaya suke shiga, gajiya ɗaya suke sha.

A wurinsu hutu umarni ne, yana cikin Dokoki Goma da aka ba Annabi Musa, a jere da hana kisa da hana sata. Dokar ta zo sau biyu a Attaura, kowane da dalilinsa. A Littafin Fitowa, sura 20, dalilin shi ne halitta: Allah ya tsara duniya cikin kwana shida, ya keɓe na bakwai. A Maimaitawar Shari'a, sura 5, dalilin shi ne bauta: an tuna wa Isra'ilawa cewa sun yi zaman bayi a Masar, inda ba wanda ya taɓa ba su rana, don haka aka hana su yi wa wani abin da aka yi musu. Dokar ta lissafa waɗanda za su huta ɗaya bayan ɗaya, ta sa ɗa da ɗiya, bawa da baiwa, baƙo, har da sa da jaki. Ma'anar a fili take: wanda ba ya iya tsayawa, ko da shi ne mai rumfa, akwai wani ubangidan da ke kora shi.

Labarin da ya fi kusa da zuciyar ɗan kasuwa shi ne na manna, abincin da aka riƙa saukar wa Isra'ilawa a hamada, a Fitowa sura 16. An ce kowa ya ɗebi na yini guda. Waɗanda tsoron gobe ya sa suka ɓoye ragowa sun wayi gari ta yi tsutsa tana wari. Ranar shida ce kaɗai aka yarda a ɗebi na kwana biyu, shi kuwa bai lalace ba. Duk da haka wasu suka fita da ƙorai ranar bakwai, suka dawo hannu wofi. Fastoci suna karanta wannan sura a matsayin makarantar dogara ga Allah, domin abin da ke hana mutum hutu sau da yawa tsoro ne, tsoron cewa in ya sauke hannu yini ɗaya rufin gidan zai faɗo. Kirista da ya rufe rumfa yana shaida wa kansa, kafin ya shaida wa kowa, cewa ba ƙarfinsa ne ke ciyar da iyalinsa ba. Wannan magana ba baƙuwa ba ce ga kunnen Musulmi, wanda ya san tawakkali, ya kuma san cewa rabon kwaɗo ba ya hawa sama.

Akwai kuma labarin Annabi Iliya a 1 Sarakuna, sura 19. Bayan babbar nasara a kan masu bautar gunki, sai barazanar sarauniya ta kore shi zuwa jeji, ya zauna ƙarƙashin wani ƙaramin itace ya roƙi mutuwa. Abin lura shi ne yadda aka yi da shi. Ba a tsawata masa ba, ba a yi masa wa'azi ba. An bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ba shi gurasa da ruwa, ya koma barci, aka sake ciyar da shi. Sai bayan haka, a dutsen Horeb, bayan iska mai ƙarfi da girgizar ƙasa da wuta sun wuce, ya ji kiran Ubangiji cikin ƴar siririyar murya. Jerin yana da ma'ana: barci, abinci, shiru, sannan magana. Mutumin da ya ƙone da aiki har ya fara ƙin rayuwarsa, addinin nan bai ɗauke shi mai raunin imani ba. Ya ɗauke shi mai bukatar a kula da shi.

Linjila ta ci gaba a kan wannan hanya. A Markus sura 6, almajiran Yesu Almasihu sun dawo daga aiki, jama'a na kai da kawowa har ba su samu sukunin cin abinci ba, sai ya janye su cikin jirgin ruwa zuwa wurin da ba kowa. A Luka sura 10, Marta tana ta fama da hidimar baƙi, ƴar'uwarta Maryamu tana zaune tana sauraro. Da Marta ta kai ƙara, sai ya nuna mata da taushi cewa damuwarta ta yi yawa, abin da ƴar'uwarta ta zaɓa kuwa ba za a ƙwace mata ba. A Luka sura 12 akwai mai arzikin da gonarsa ta yi albarka, ya ƙudura rushe rumbunansa ya gina manya, ya ce sai bayan haka zai huta, a daren nan kuwa aka karɓi ransa. Duk wanda ya taɓa cewa zai huta in ya gama ginin gida, ko in kaya sun iso, ko in ya yi ritaya, ya san wannan mutum. A Matiyu sura 11 kuwa Yesu ya gayyaci masu nauyin kaya su zo wurinsa su samu hutu, ya kuma yi misali da karkiya, itacen da manomi ke ɗora wa shanun huɗa. Masu fassara sun lura cewa bai yi alkawarin ɗauke aiki ba. Alkawarinsa karkiya ce da ba ta cin wuya. Kiristoci sun gaskata cewa Allah yana karɓar mutum saboda alheri, ba saboda yawan abin da ya tara ko ya aikata ba, daga nan ne kuma suke cewa hutun zuciya yake fitowa.

Jarrabawar ranar kasuwa

Faɗar wannan a majami'a abu ne mai sauƙi. Wuyar tana ranar Lahadi, ranar da Kiristoci suka ɗauka tun farko domin bisa ga imaninsu a cikinta Almasihu ya tashi daga matattu. Ma'aikacin gwamnati ba shi da matsala, tunda buro a rufe yake. Ɗan kasuwa fa? Kasuwar Jibiya, da ke bayan iyakar Ɗan Isa a kan hanyar Katsina, Lahadi take ci, babbar kasuwar Maraɗi kuma Litinin da Juma'a. A ɗauki Kirista mai sayar da kayan masarufi wanda jarinsa bai wuce jika ɗari uku ba. In ya tafi sari ranar Lahadi, ya rasa sujada da zama da iyali. In ya zauna, maƙwabcin rumfarsa zai baje sabon kaya ranar Litinin, shi kuwa ya baje na makon jiya, mai saye kuma ba ya tambayar dalili. Asarar ta gaske ce, ana ƙirga ta da jika, kuma a cikinta kuɗin lakkwal na yara yake.

Kiristoci ba su da amsa guda a kan wannan. Akwai mai rufewa ɗungum ya ɗauki asarar a matsayin hadaya. Akwai mai zuwa sujadar safe sannan ya kama hanya. Akwai mai aika yaro, akwai mai cin kasuwar Lahadi ya keɓe wata rana a mako. Tarihin addinin ya ba da wuri ga wannan sassauci. A Markus sura 2 an zargi almajirai da zagar hatsi ranar hutu don yunwa, Yesu ya kāre su, ya nuna cewa don amfanin ɗan Adam aka kafa ranar. Sarkin Rum Kustantin, wanda ya fara mai da Lahadi ranar hutu ta hukuma a shekara ta 321, ya rufe kotuna da sana'o'in birni amma ya bar manoma su yi aiki, don shuka ba ta jiran kowa. Manomin da ruwan farko ya sauka masa daren Asabar ya san dalilin. Haka kuma babu mafaka ga rago a nan: Manzo Bulus, wanda da hannunsa yake ɗinkin tanti don ya ci, ya tsawata wa masu zaman banza a wasiƙarsa ta biyu ga Tasalonikawa. Abin da aka hana shi ne mako ya zagayo, wani ya zagayo, mutum bai tsaya ko sau ɗaya ya tuna wanda ya ba shi ba.

Wasu Kiristoci sun mai da wannan tsayawa tsarin kowace rana. Tun ƙarni na 6 ƙa'idar Benedikti ta raba yinin masu zaman zuhudu tsakanin addu'a, aikin hannu da karatu, in ƙararrawa ta kaɗa kowa ya ajiye abin da ke hannunsa ko bai gama ba. A Keur Moussa kusa da Dakar, gidan da aka kafa a 1963, haka ake yi, ana kuma rera addu'o'in da kora, molon Mandinkawa. Wanda ya ga an bar rumfa a buɗe an tafi sallar azahar ba ya bukatar a yi masa bayanin hikimar.

Hutun wa?

Akwai tambayoyi biyu da gaskiya ta wajaba a yi wa Kiristocin kansu. Ta farko: wa ke hutawa ranar Lahadi? Maigida ya dawo daga majami'a ya miƙe ƙafa a inuwa, uwargida kuwa tun asuba take tsaye, ta yi wa yara wanka, ta dafa na baƙi, ƴar aikin da aka ɗauko daga ƙauye tana bakin murhu tana wanke-wanke har dare. Dokar da ta ambaci baiwa da jaki ba ta yarda da hutun da ake ɗora wa wuyan wani ba. Mai rumfar da ya zauna gida ya tura yaronsa Jibiya kowace Lahadi, ba tare da ya ba shi wata ranar ba, ya kiyaye tasa ranar ya karya ta yaron.

Ta biyu: ita ikilisiya fa, tana hutar da mutanenta ko ƙara musu kaya take yi? Sujada mai tsawo, taron dattawa, taron zumuntar mata, koyon waƙa, kwanan addu'a, gudummawar gini, har mai hidima ya shiga Litinin ya fi Asabar gajiya. Marta tana iya zama a cikin majami'a kamar yadda take zama a kasuwa. Haka kuma addu'a ba ta ɗauke wa kowa zuwa asibiti. Ƴan mishan da suka kawo Littafin su ne suka gina Galmi da Danja. Mai hawan jini ya yi addu'a, ya kuma sha maganinsa, ya rage gishiri, ya koma a sake auna shi.

Darasin kututture

Jihar Maraɗi tana da nata labarin a kan amfanin tsayawa. Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostareliya da ya yi aiki da SIM, ya shafe shekarunsa na farko yana dasa itatuwa, mafi yawansu suna mutuwa saboda rana, iska da awaki. Kamar yadda shi da kansa ya sha faɗa, wata rana a 1983 yana jan ƴan itatuwan dashe zuwa ƙauye, ya tsaya don ya rage iskar tayoyi saboda rairayi, ransa a ɓace, ya yi addu'a. A wannan tsayawa ce ya dubi wani ɗan tsiro da ya saba wucewa, ya gane cewa toho ne daga kututturen itacen da aka sare, saiwarsa tana raye a ƙasa. Ashe gonakin cike suke da irinsa, ana sassabe su kowace shekara. Abin da ake bukata shi ne a bar sara, a zaɓi reshe kaɗan a gyara, a ba su lokaci. Manoma suka sa wa dabarar suna sassabin zamani. An ƙiyasta cewa ta maido da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin eka miliyan 5 ta ma'aunin hekta a kudancin Nijar, gawo da kalgo da sabara, a 2018 kuma aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood. Littafin Firistoci, sura 25, ya riga ya umarci a bar gona ta huta shekara guda cikin bakwai, kakannin Hausawa ma sun san saura. Abin da shekarun gudu ba su nuna masa ba, tsayawar ƴan mintoci ta nuna masa.

Ba kowa ne zai karɓi imanin Kirista ba, ba kowa ne kuma ke da halin rufe rumfa yini guda ba. Mai tallan ruwa da abin da ya samu yau yake cin tuwon dare. Amma akwai abin da kusan kowane magidanci ke iyawa, ko wane addini yake bi. Ya kashe salula lokacin cin abinci da lokacin ibada. Ya ba yaron rumfa da ƴar aiki ranarsu, ya kuma biya su ita. Ya karɓi wani aikin daga hannun uwargida ranar da shi yake hutu. Shugaban buro ya bar saƙon da zai iya kwana ya kwana. In kuma aboki ya tambaye shi gajiya, ya amsa yadda al'ada ta tanada, amma ya samu mutum ɗaya, matarsa ko amininsa, fasto ko liman ko likita, wanda zai gaya wa gaskiya tun jiki bai faɗe ta a bainar jama'a ba.

Allah ya ba da lafiya da kwanciyar rai, ya sa albarka a cikin nema, ya kai kowa mako mai zuwa.